Kada Ki Bar Layi Kafin A Kira Sunanki

Ƙofar Ran, Bauchi.
Ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga jikata Hajara, wadda nake kira Innata saboda sunan mahaifiyata ta ci, kuma bakina ba ya iya furta shi gatsau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar kaka da jika, tare da roƙon Allah Ya ƙara miki lafiya da natsuwa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare hanyar da za ku bi jibi Asabar zuwa sansanin horo, Ya tsare direba da motarsa da duk 'ya'yan mutanen da za ku zauna tare a cikinta. Amin.

Innata, tun ranar da sunanki ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin soja ban yi ɗinkin kirki ko ɗaya ba. Ranar Talata na haɗa hannun riga a juye, na farke, na sake haɗa shi a juye. Duk wanda ya gifta ta ƙofar shagona sai na tare shi da albishir, har mai tura mana ruwa a kura ya ce, “Baba Tela, wannan ne karo na uku, kuma duk na taya ka murna.” Kakarki ta ce in na ci gaba da washe baki haka, sauran haƙoran huɗun ma iska za ta kwashe su. Na ce ta kwashe, ai kunu ba ya buƙatar haƙori. Ni dai ban san inda zan ajiye wannan farin ciki ba, ya fi ƙarfin ƙirjina.

Za ki ce gida ɗaya muke tun kina shekara biyar da ubanki ya kawo mana ke riƙo, to mene ne na takarda? Dalili biyu ne. In na ce zan faɗa da baki, kafin in kai tsakiya kin fara tsokanata, ni kuma in biye miki, magana ta lalace. Na biyu, wannan rubutu da kike gani da furfura na koye shi, kuma ban taɓa samun inda ya fi cancanta in yi amfani da shi kamar yau ba.

Ga abin da ya sa na ture keken ɗinki gefe na ɗauki biro. Shekaranjiya kuna tsince shinkafa ke da kakarki a tsakar gida, ina ɗaki ina neman tabarau, sai na ji kin ce, “Goggo, in na gudo bayan sati biyu kamar yadda mutumin nan ya ce, da wane ido zan dubi unguwa? Ko dai in haƙura tun ban tafi ba?” Na san mutumin da kike nufi. Sajen nan ne mai tsara layi a filin tantancewa, wanda ya ce miki ko an ɗauke ki, sati biyu za ki yi ki tsere gida. Gida kowa na rawa, ke kuwa kina ɗauke da maganarsa kamar dutsen niƙa. To ki zauna ki karanta wannan yau, kafin ki yanke komai. Ba wa'azi zan yi miki ba. Kurakuraina zan lissafa miki, don na fi kowa sanin irin wannan mutum da abin da bakinsa ke iya jawowa.

Kin tashi kin ji ana cewa kakanki ya taɓa neman soja aka ƙi shi saboda ciwon ido. Ƙarya ce, kuma ni na ƙirƙire ta.

A shekarun da Bauchi ta zama babban birnin jiha ina saurayi, ina koyon ɗinki tare da abokina Bulus, wanda kika sani, mai gona a Tirwun yanzu. Aka yi shelar ɗaukar soja, muka tafi tare. Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar in ga kaina cikin kaki. Mun yi layi tun da hantsi. Sai wani saje mai murya kamar an buga garwa ya ce duk wanda bai iya rubuta sunansa da boko ba ya koma gindin wata bishiyar maina da ke gefen fili. Bulus ya yi firamare, ya tsaya a layi. Ni da wasu da dama muka koma gindin bishiya.

Sajen ya biyo mu har can. Ya ce, “Ku ne ragowar? Soja yanzu sai da biro. Ku koma gida, garma na jiranku.” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai mai dogon wuya, me kake yi a gari?”

Na ce, “Ɗinki nake koyo, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Madalla. Je ka dinga kalmashe wa mata bakin zane, ya fi maka.”

Aka fashe da dariya, har waɗanda muke gindin bishiya ɗaya da su. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ban jira azahar ba na zagaya bayan bishiyar kamar mai neman wurin fitsari, na sa kai gida.

Da yamma sai ga Bulus a guje, yana haki. Ya ce, “Salihu, ina ka shige? Sau uku aka kira sunanka!” Ashe bayan azahar wani hafsa ne ya fito da takardu da tawadar dangwale. Duk 'yan gindin bishiya aka sa su dangwala yatsa, aka gwada su gudu, aka ɗebi masu ƙarfi a cikinsu. Ni kuwa a lokacin ba wanda ke cim mini a gudu a duk Ƙofar Ran. Bulus ya ce hafsan ya ɗaga murya, “Salihu Garba! Salihu Garba!” ya jira, ya sake kira, sannan ya ja layi a kan sunan. Da mahaifina ya tambaye ni yadda aka yi, kunya ta hana ni cewa gudowa na yi. Na ce ido aka duba aka ce bai yi ba. Na roƙi Bulus ya rufa mini asiri, kuma bawan Allah ya rufa, ya yi sojansa ya gama ya dawo bai taɓa tona ni ba.

Yau da safe na ce kafin in rubuta miki bari in fara faɗa wa kakarki, kada ta ji a bakin takarda. Na gyara murya, na sunkuyar da kai, na ba ta labari tun daga farko. Ko juyowa ba ta yi daga murhu ba. Ta ce, “Malam, mutumin da ya kai shekara sittin yana zura zare a allura ba tabarau, shi ne mai ciwon ido? Ai tun muna amarci na sani. Miƙo mini ludayin can.” Kin ji, shekara hamsin ina gadin asirin da ba asiri ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, mai tsawa a bakin layi daban, mai riƙe da takarda daban. Sajen nan bai kore ni ba, ba shi da ikon korata. Magana kawai ya yi, ni na kori kaina. Duk inda kika samu kanki, kada ki bar wuri don wani ya ce ba za ki iya ba. Ki tsaya har wanda hukunci ke hannunsa ya buɗe baki ya ce miki ki tafi. In bai ce ba, ko rana za ta narkar da ke, ki tsaya.

Kuskurena na biyu ɗan na farko ne. Maimakon in ji haushin kaina, sai na ɗora haushin a kan boko. Aka buɗe ajin manya da yamma a firamaren unguwarmu, bayan yara sun tashi. Abokaina suka shiga, ni na ce ba da ni ba, abin da aka ci mini mutunci a kansa ba zan durƙusa masa ba. Awon mutane kuwa a bangon shago nake ajiye shi da alli, kowa da alamarsa: wannan zanen hula, wancan zanen carbi, ga tsawo ga faɗi da 'yan layuka. Haka na yi shekara ashirin ina ganin ni gwani ne. Wata rana ana saura kwana goma Salla na tafi jana'iza ƙauye, mai gidan da nake haya ya ga bango ya yi datti, ya sa aka shafe shi da farar ƙasa don ya faranta mini. Na dawo na tarar da bango fes, ga yaduka jibge, ban san na wa zan yanka da wane awo ba. Sai da na bi mutane gida gida ina ba da haƙuri ina sake gwada su.

Bayan Sallar nan na je na zauna a bencin yara, gwiwoyina suna taɓa haɓata. Malamarmu, Malama Rifkatu, na girme ta nesa ba kusa ba, amma in ta ce “Salihu, sake,” sai in sake. Innata, sati uku kacal na yi na rubuta sunana da hannuna a allo, aji ya tafa mini. Na koma benci ina dariya hawaye na zuba. Abin sati uku na yi shekara ashirin ina gudu, don kawai bakin da ya fara faɗa mini ba shi da daɗi.

Sajen zamanina ya yi rashin mutunci, amma a cikin maganarsa akwai gaskiya guda, biro na da amfani. Ke ma za ki haɗu da masu zagi a can, kuma wani lokaci a tsakiyar zagin akwai gyara. Ki yi masa yadda kike yi wa shinkafa: ki tsince tsakuwa ki zubar, ki dafa sauran. In aka ce gudunki bai kai ba, ki ƙara gudu. In aka haɗa da cewa ke ba komai ba ce, wannan tsakuwa ce.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini nauyi, domin ke na yi wa. Kin san farkonsa, amma ban taɓa ba ki haƙuri yadda ya kamata ba, kuma ina so ya zauna a rubuce.

Bara kin cike takardunki, aka kira ki tantancewa, kika tafi da murna. Kafin la'asar kika dawo ido ja. Kika ce sajen layi ya dube ki ya ce, “Ke 'yar ƙarama, ina za ki? Tsawonki bai kai ba, kada ki ɓata mana lokaci. Koma gida ki soya awara.” Kika fita daga layi tun ba a kai ki wurin awo ba. Da na ji haka na ga jinina ne ya yi aiki. Ya kamata a take in kama hannunki mu hau keken haya mu koma. Sai na ce bari in gwada ki da kaina tukuna, ai ni ne mai awo a gidan nan. Na tsayar da ke a jikin ƙofar zaure ba takalmi, na ciro tef ɗina daga wuya, na auna, na dubi adadin da aka rubuta a takardarki. Ya gaza da kamar yatsa biyu. Na sake aunawa, haka dai. Na ce, “Innata, haƙuri za ki yi, mutumin ya yi gaskiya.” Kika ce, “To, Kaka.” Wannan “to” ɗin har yau tana sukata. Da saje ne kaɗai ya faɗa, da kin yi gardama. Amma kakanki tela ya auna, wa zai musa?

Kika zauna kusa da ni a shago wata da watanni kina koyon ɗinkin da ba kya so, kina taka keke kamar mai taka ƙaya.

Sai ranar da na je sayen atamfar Sallar kakarki a shagon Maman Ifoma, 'yar kudun nan mai yadi a unguwar Ɗan Iya. Ni ba na auna yadin da masu ɗinki suka kawo mini, yankawa kawai nake yi. Amma wannan nawa ne, sai na ce bari in duba. Na auna na ga ya gaza. Na naɗe shi na koma da faɗa. Na ce, “Madam, shekara nawa muna tare, ni za ki rage wa yadi?”

Ta ɗauko sandar awonta ta ƙarfe ta shimfiɗa a kan tebur, ta ce, “Baba Tela, kawo tef naka.” Na miƙa. Ta jera su tare, kai da kai. Sandarta ta ƙare, tef ɗina bai kai adadin ba tukuna. Ta kira maƙwabcinta ya kawo sabon tef, aka jera, ya yi daidai da sandarta. Ta riƙe ƙugu ta ce, “Ka gani? Tef naka ya tsufa kamar kai. Ya miƙe! Shekara nawa kana ja shi?”

Shekara talatin ke nan yana wuyana. Da shi nake jawo ƙofar shago, a jikinsa nake rataye almakashi in na tashi, ya sha wanki ya sha rana. Ya saki a hankali ban sani ba. Kuma ba yadda za a yi in gane, domin da shi nake auna mutum, da shi nake auna yadin da zan yanka, riga kuwa ta fito daidai. Ba wanda ya taɓa dawo mini da ɗinki. Ƙaryarsa ba ta fitowa sai an haɗa shi da awon wani.

Ina tsaye a shagon sai ƙofar zaure ta faɗo mini a rai. Na bar atamfar a kan tebur, na ce ta ara mini sandar. Tana kira, “Baba, kayanka!” ni kuwa na riga na tare keke. Kin tuna yadda na faɗo gida ina ihu, “Cire takalmi! Cire takalmi!” har kakarki ta ɗauka kunama ce ta shiga? Muka auna da sanda, muka je asibitin unguwa aka sake aunawa a jikin bango. Kin kai, har da 'yar rara a sama.

Ki yafe mini shekarar nan da na ci miki, Innata. Ban yi da mugunta ba, amma shekara shekara ce. Kuma ki riƙe wannan: wanda ke ƙaunarki ma yana iya auna ki da tsohon tef. Ni da na goya ki a kafaɗa zuwa kallon ƙwallo na yi, balle wanda bai san ki ba. In aka ce ba ki kai ba, ko a tsawo ko a ƙarfi ko a ƙwaƙwalwa, ki tambaya da me aka auna. Ido ba ma'auni ba ne, tsoro ma ba ma'auni ba ne. Wannan tsoron da ya sa ki yin maganar nan a kan shinkafa, shi ma ya daɗe a wuya, ya saki.

Abin da kika yi bana kuwa, ni ya kamata in koya a wurinki. Kika yi ta gudun safe a hanyar Tirwun har Bulus ya ce kin fi akuyarsa sanin hanyar gonarsa. Kika koma filin nan, kika tarar da sajen bara, ya kuma jefe ki da maganar awara. Kika ƙame kika ce, “Na ji, Yallaɓai. A gwada ni a jikin sanda tukuna.” Ba ki zage shi ba, ba ki murguɗa baki ba, ba ki kuma fita ba. Sojar da ke wurin awo ta ɗora katako a kanki ta ce, “Ta wuce.” Kika yi gudu, likita ya duba ki, kika rubuta jarrabawa. A rana ta ƙarshe ne ya bi ki da zancen sati biyu. Duk abin da aka gwada ki da shi kin haye, abin da ba a gwada ba shi ne kika ɗauko kika kawo gida.

Saura kuskure na ƙarshe, kuma ɗanye ne, jiya na tafka shi. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Da na ji maganarki ta shekaranjiya, raina ya ɓaci. Na samu labari jiya ake duba takardun maza a filin, tunda ku mata an gama naku. Na saka babbar rigata mai aska, na kafa hula, na ce wa kakarki zan je gaisuwa. Na hau keke, duk hanya ina tsara abin da zan faɗa wa mutumin nan. Niyyata in tsaya a gabansa in ce ga kakan yarinyar da ka raina, ga sunanta a takarda, sai ka ci kanka. Har da na sajen zamanina na haɗa masa, wanda na tabbata ƙasa ta daɗe da rufe shi. Dattijo da furfura ya tafi gori. Ba abin kirki ba ne, kada ki koya.

Na gane shi tun daga nesa ta wurin murya. Na matsa na ce, “Saje, barka da aiki.”

Ya ce, “Baba, nan ba wurin iyaye ba ne. Koma bayan igiya.”

Na ce, “Ba daɗewa zan yi ba. Ni ne kakan Hajara Musa.”

Ya ce, “Wace Hajara?”

Na ce, “Wadda ka ce ta koma ta soya awara. Bara ka faɗa, bana ka maimaita. Ka kuma ce sati biyu za ta yi ta gudo. To an ɗauke ta, ranar Asabar za ta tafi.”

Ya tura hularsa baya, ya sosa goshi, yana tunani da gaske. Sai ya ce, “To madalla, Allah Ya taimaka. Amma wallahi Baba ban gane ta ba. Doguwa ce ko gajera?”

Innata, doguwa ce ko gajera! Duk jawabin da na tsara ya zube. Ina tsaye sai ga wani saurayi ya zo wucewa da takardunsa, ƙato, ƙirjinsa kamar ƙofar zaurenmu, in zan yi masa riga sai na ƙara yadi. Sajen ya juya ya daka masa tsawa, “Kai, ina ka samo wannan tafiya ta agwagwa? Sati biyu za ka yi ka gudo wurin uwarka!” Na ga ƙaton nan ya sunkuyar da kai, fuskarsa ta yi kamar fuskarki a kan tiren shinkafa.

Dariya ta kama ni. Na yi ƙoƙarin danne ta da hannun riga, ta ƙi. Na ce, “Saje, a tashi lafiya,” na juya. A cikin keke ina ta ƙyalƙyala har mai keken ya rage gudu ya ce, “Baba, lafiya dai ko?” Na ce lafiya ƙalau, ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba.

Kin ɗauka da ya maimaita miki zancen awara, gane ki ya yi ya riƙe ki a rai. Bai gane ki ba. Abin da yake faɗa wa kowa ke nan, dogo da gajere, mace da namiji. Ko da gangan yake yi don ya ga wanda zai karaya, ko halinsa ne haka, ban sani ba, kuma ba na wanke shi. Abin da na sani shi ne bai duba ki ya hango wani abu a jikinki ba. Ba annabci ya yi ba. Mutumin da ya hana ki sakewa da abinci kwana da kwanaki bai san ko ke doguwa ba ce. A cikin keken nan na gane cewa nawa sajen ma kafin ya ci abincin rana ya manta da mai dogon wuya, ni kuwa na goya shi shekara hamsin. Na sauke shi jiya a bakin Ƙofar Ran, kuma wallahi har tafiyata ta canja.

Saboda haka jibi ki shiga motar nan. Ba na ce miki horon zai yi sauƙi ba. Bulus ya ce akwai ranar da za ki ji kamar ƙafafun ba naki ba ne, akwai ranar da za ki yi kuka a ɓoye, kuma kowa ya yi, har shi. A irin ranar kada ki yanke shawara da yunwa ko da gajiya. Ki ci abinci, ki yi salla, ki bari gari ya waye. In ciwo ne na gaske, ko waɗanda hukunci ke hannunsu suka ce ki dawo, ki dawo da kanki a sama. Ni zan fara tarar ki a tasha, kuma duk wanda ya yi miki dariya a unguwar nan ya nemi wani telan. Amma kada ki dawo da ƙafarki don cika maganar mutumin da bai san ki ba.

Ki riƙe sallarki. Ki zauna lafiya da abokan zamanki, kowace irin addini da yare, domin mutumin da ya fi kowa rufa mini asiri a duniya a coci yake ibada. Ki girmama na gaba da ke ko da bakinsa ba daɗi. Kuma ranar da Allah Ya ɗora miki igiyar muƙami a hannu aka ba ki layi ki tsara, in kika ga wata 'yar ƙarama tana rawar ƙafa, ki ce mata ta matso a gwada ta.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya ƙarfafa ƙashinki da zuciyarki. Allah Ya tsare ki daga zalunci, kada a yi miki, kada ki yi wa kowa. Ya sa kakin da za ki saka ya zama inuwa ga talaka. Ya ba ni tsawon rai in zo ranar faretin gamawarku in tsaya a bayan igiya, inda aka ce iyaye su tsaya, in ji an kira sunan jinina a fili an amsa. Amin summa amin.

Kakarki na gaishe ki, ko da yake tana nan tsakar gida tana daka miki yaji, kuma ta ce in daina rubutu in zo in riƙe mata turmi.

Wassalam.

Kakanki mai alfahari da ke,
Salihu Tela.